Ƙaiƙayin gaba da ya ƙi jin magani: mece ce cutar Paget ta fata?

"Assalamu alaikum Likita. Daga Maradi nake rubuto maka. Mahaifiyata tana da shekara 64. Kusan shekara biyu ke nan tana fama da ƙaiƙayi a gabanta, har ya kai wajen dubura. Da farko ta ɓoye mana. Da muka sani aka ce sanyi ne, ta sha ƙwayoyi, an yi allurai, an shafa mayuka iri-iri, an yi na gargajiya, sai ya lafa ya sake dawowa. Daga baya wata likitar mata ta yanki ɗan fatar wurin aka aika Yamai. Takarda ta dawo an rubuta maladie de Paget extra-mammaire. Sun ce sai an yi mata aiki, kuma wai sai an duba hanjinta da mafitsararta da nononta. Kansa ce? Ana ɗauka? Babanmu ne ya sa mata? Me ya haɗa ƙaiƙayin fata da hanji? Kuma babu yadda za a yi ba tare da wuƙa ba? Ita dai ta ce a ƙyale ta."

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri bisa tsayuwar da kika yi mata. Idan na fahimce ki, abin da ke hana ki barci uku ne: girman ciwon, inda ya samo asali, da kuma ko aikin da ake magana ya zama dole. Zan bi su yadda zan yi wa wadda ke zaune gabana, amma bari in fara cire miki ƙaya guda: ba a ɗaukar wannan ciwo. Ba ya bin saduwa, ba ya bin masai ko buta ko zane, kuma ba ƙazanta ke kawo shi ba. Babanku ba shi da hannu a ciki. Ki gaya wa Inna haka da bakinki tun yau, don na sha ganin dattijuwa tana ɗauke da zargin mijinta ko na kishiyarta a zuci, ba ta furta ba, ciwon zuciyar ya fi na fatar cin ta.

Asalin ciwon

Sunan na wani likitan fiɗa ne na Landan, James Paget. A 1874 ya bayyana wani miki mai kama da kirci da ke fitowa a kan nonon mata, ya lura cewa bayansa kansar nono na biyowa. A 1889 wani likitan fata na Ingila, Radcliffe Crocker, ya ga irin wannan ciwo a al'aurar namiji, sannan a 1901 Dubreuilh na birnin Bordo a Faransa ya bayyana shi a gaban mace. Na Inna shi ne wannan da ke fitowa a wuraren da ba nono ba, abin da extra-mammaire ɗin takardar ke nufi ke nan. Akwai kuma wata cutar ƙashi mai ɗauke da sunan mutumin nan, ba ruwanta da abin da muke magana, kada wani ya karanto ta a intanet ya rikita ku.

Ciwon yana son wuraren da ke da wasu ƙananan jakunkuna a cikin fata masu fitar da gumi mai kauri: gaban mace, kewayen dubura, fatar maraina da gindin azzakari, matsematsi, wani lokaci hammata. Kusan biyu cikin uku na waɗanda aka rubuta labarinsu a littattafan likitanci, a gaban mace ne ya fito. Yawanci yana kama mutanen da ke tsakanin shekara 50 da 80. A Turai mata suka fi yawa, a ƙasashen Sin da Japan da Koriya maza suka fi. Ciwo ne da ba a cika gani ba: cikin kansar da ke kama fatar gaban mace guda ɗari, ɗaya ko biyu ne kawai irinsa. Likita na iya yin shekaru yana aiki bai haɗu da shi ba.

To kansa ce? E, jinsin kansa ne, ba zan ɓoye miki ba. Amma kansa suna ɗaya ne da ya tara cututtuka masu hali daban-daban, kuma wannan tana cikin masu tafiyar hawainiya. Fata hawa-hawa ce. Akwai shimfiɗar sama, siririya, wadda ba jijiyar jini a cikinta, a ƙarƙashinta kuma akwai mai kauri, inda jijiyoyin jini da hanyoyin ruwan jiki suke. A mafi yawan masu ciwon Paget, miyagun ƙwayoyin kansar suna zaune a shimfiɗar sama kawai, suna bazuwa gefe da gefe a hankali, shekara da shekaru. Muddin suna nan, ba su da hanyar tafiya huhu ko hanta, kuma mai ciwon kan yi tsawon rai kamar sa'o'inta. Labari yana canzawa ne idan sun nutsa ƙasa. Mu likitoci muna sa ido ƙwarai idan nutson ya wuce milimita 1, don daga nan suke iya kaiwa kaluluwar matsematsi, daga can su wuce. Alamar da ke sa mu zargin haka ita ce wurin ya yi tauri, ko ya fitar da ƙullutu, ko ya zama gyambo mai jini, ko kaluluwa ta kumbura ta ƙi sacewa.

Me ya sa aka kai shekara biyu

A nan nake so in ɗan daɗe, don ba ke kaɗai za ki karanta wannan amsa ba.

Kada ki zargi kanki, kada kuma ki yi saurin zargin waɗanda suka fara duba ta. Ko a Turai, inda likitan fata ke kusa, matsakaicin jinkirin gano wannan ciwo ya kai wajen shekara biyu. Dalili shi ne ba shi da wata kama tasa ta kansa. Tabo ne mai faɗi, mai ƙaiƙayi ko raɗaɗi, wani wuri ja, wani wuri fari-fari kamar ya jiƙe, wani lokaci yana ɓare-ɓare ko yana tsattsafo ruwa. A littattafan da muka yi karatu da su hotunan duk na farar fata ne, ja zur. A baƙar fata irin tamu jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya fi kewayensa duhu, ko ya koɗe ya yi haske. Kuma abubuwan da suka fi shi yawa nesa ba kusa ba duk haka suke fitowa: funfunar matsematsi da zafi da gumi ke kawowa, musamman a watannin bazara na Maradi, farin ƙaiƙayin masu ciwon suga, kirci, ƙonewar fata daga sabulu ko turare ko kayan matsi, wata cutar da ke sa fatar gaban tsofaffin mata ta yi fari ta yi siriri, har da tsargiya, wadda a wuraren da ake shiga tafki da gulbi takan taɓa al'aurar mata. Likitan da ya ga ƙaiƙayin gaba ya fara da maganin funfuna bai yi laifi ba, haka ƙa'ida take.

Matsalar tana farawa ne a zuwa na biyu da na uku. Ƙa'idar da nake bi, kuma nake koya wa ƙananan ma'aikata, ita ce: tabon da ke al'aura ko dubura, a jikin wanda ya haura 50, idan an ba shi maganin da ya dace na mako huɗu zuwa shida bai warke ba, a daina canza mai, a yanki fata a auna. Ba wani babban aiki ba ne. Allurar kashe zafi ake yi a wurin, a ɗebi abin da bai kai ƙwayar wake ba, a ɗinke da zare ɗaya ko biyu, a sa a kwalba cikin ruwan formol a aika ɗakin gwaji. Babu gwajin jini ko na fitsari ko eko, wato hoton ciki, da zai iya maye gurbinsa. Likitar da ta yi wa Inna wannan ta yi abin da ya kamata, ku riƙe ta.

Abin da na fi gani a wurin aiki shi ne ba a ma duba wurin. Mace ta zo ta ce "sanyi ke damuna", namiji ya ce "basir ne", a rubuta magani a kan abin da baki ya faɗa, zane bai motsa ba. Mara lafiya ta ji daɗi ba a buɗe ta ba, ma'aikaci ya ji daɗi layi ya ragu. Wata dattijuwa da aka taɓa kawo mini ta zagaya wurare da yawa, kowa ya ba ta nasa, da na ce zan duba sai ta ce ai ba wanda ya taɓa neman ya gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wadda ba za ta iya da namiji ba tana da haƙƙin ta nemi mace, likita ko ungozomar asibiti, ta kuma shiga da ɗiyarta.

Sai kuma mayukan kasuwa. Da yawa daga cikin ƴan tiyubin da ake sayarwa a teburi da kan kai na ƙaiƙayi, da ma na shafe-shafen hasken fata, suna ɗauke da kortizon mai ƙarfi, za ki ga an rubuta clobetasol ko betamethasone a jiki. Suna kwantar da ƙaiƙayi ko mene ne sanadinsa, shi ya sa kika ga "ya lafa ya dawo". Ƙaiƙayin ne ke lafawa, ciwon yana nan yana faɗaɗa, fatar kuma tana ƙara siririncewa. Na gargajiya ma, zama cikin ruwan bagaruwa mai zafi, shafa kanwa ko toka, tsagar wanzami, duk suna ƙona wurin su ɓata kamarsa, har likita ya rasa gane iyakarsa. A tsayar da su duka daga yau.

Abin da ya haɗa fata da hanji

Ciwon iri biyu ne. A kaso mafi girma, daga fatar kanta ya tsiro, babu komai a ciki. A kaso ƙarami, abin da ake gani a fata reshe ne: uwar tana ciki, a ƙarshen babban hanji, ko mafitsara, ko bakin mahaifa, ko furostat ga maza, ƙwayoyinta ne suka biyo bango suka fito waje. Inda tabon yake yana ba da haske. Na kewayen dubura ya fi alaƙa da hanji, na kusa da mafitar fitsari ya fi alaƙa da mafitsara. Tunda kin ce na Inna ya kai wajen dubura, duban hanjin nan ba neman kuɗi ba ne, a ganina shi ne gwaji mafi muhimmanci da ya rage mata. Siririn tiyo mai kyamara ake zurawa ta dubura bayan an sha maganin wanke ciki. Nono kuwa ana duba shi ne saboda akan samu wasu masu wannan ciwo da kansar nono ma, kuma a shekarunta dama ya kamata a duba. Za a iya ƙarawa da gwajin fitsari, duban bakin mahaifa, da eko ko sikana na ciki.

Akwai wasu rinaye na musamman da ake ɗiga wa naman da aka yanka, waɗanda ke nuna ko daga fata ƙwayoyin suka fito ko daga hanji. Idan kin ga CK7 ko CK20 ko CDX2 a takardar, su ne. Ba kowane ɗakin gwaji ke da su ba, in babu su sai a dogara da duban ciki. Ko da akwai su ma, ba sa ɗauke wa mutum shi. Sau da yawa duk a duba a tarar ba komai, kuma wannan shi ne sakamakon da muke fata. In kuwa an samu wani abu, to fatar ce ta tona shi da wuri, sai magani ya koma kan uwar.

Ko akwai hanyar da ba wuƙa

Aiki shi ne babban magani, kuma shi zan zaɓar wa tawa mahaifiyar idan jikinta zai ɗauka. Ana yanke tabon tare da lafiyayyar fatar da ke kewaye da shi, santimita 1 zuwa 2, wani lokaci fiye. Idan wurin ya yi faɗi sai a jawo fata daga gefe ko a ɗebo daga cinya a rufe. Dalilin yanke abin da ido ke gani lafiya shi ne halin ciwon irin na gara ne a jikin azara: inda kika ga ƙasarta, ɓarnar ta riga ta wuce nan. Shi ya sa ko an yi aiki mai kyau, kusan ɗaya cikin uku ciwon kan sake ɓullowa a gefen tabon, wani bayan shekaru. Ku san da wannan tun yanzu, don kada ranar da ya dawo a ce likita bai iya ba, ko a ce wuƙa ce ta tayar da shi. Dawowarsa a saman fata ba yankewar ƙauna ba ce, ana sake cirewa ko a bi shi da mai. A ƙasashen da ke da hali akwai salon aikin da ake kira Mohs, inda ake yanka kaɗan-kaɗan ana dubawa a madubin likita nan take har a kai inda ba ƙwayar ciwo, kuma yana rage dawowar. Abin da ya fi sauƙin samu a wajenmu shi ne likita ya ɗebi ƴan ƙananan yanka a kewayen tabon kafin ranar aiki, ya san iyakar da zai bi. Kuna iya tambayarsa ko hakan zai yiwu.

Hanya ta biyu wani mai ne, imiquimod. Ba ya kashe ƙwayoyin da kansa, garkuwar jiki yake tunzurawa ta far musu. Ana shafa shi kamar sau uku a mako, na wata biyu zuwa huɗu. Yana aiki ga wasu sosai, ga wasu rabi-rabi, kuma sai ga ciwon da bai nutsa ba. Kada ki ɗauka sauƙi ne: wurin yakan yi ja, ya kumbura, ya saluɓe, har zazzaɓi yakan sa, masu yawa sukan gaji su bari a tsakiya. Yana da tsada, ba kowace farmasi ke ajiye shi ba. Mukan ba da shi ga tsohuwar da ba za ta jure aiki ba, ko wadda ta ƙi, ko wadda ciwon ya dawo mata. Ba abin da za a aika a sayo daga Kano ko Katsina a shafa a ɗaka ba ne, dole likita na dubawa, a ƙarshe kuma a sake yankar fata a tabbatar.

Ta uku ita ce gashi da hasken na'ura. Da can sai an fita waje, amma tun 2021 Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa da ke Yamai ta fara yin sa. Yana amfani ga wanda ba za a iya yi wa aiki ba, ko a ƙara bayan aiki idan ciwon ya nutsa ko ya taɓa kaluluwa. Wahalarsa zama ne: kusan kullum ake zuwa har makonni, ga Yamai fiye da kilomita 600 daga Maradi, sai an tanadi masauki da mai jinya. Ƙarin ruwan maganin kansa kuwa na wanda ciwon ya bazu a jikinsa ne, ba a fara shi ga na saman fata.

"A ƙyale ni" da Inna ta ce, ki saurare shi da kyau kafin ki yi gardama. Da wuya ya zama tana nufin ta gaji da rayuwa. Yawanci tsoro ne na abu takamaimai: a tsiraita ta gaban maza, a yi mata allurar barci ba ta farka ba, a ce an cire mata gaba, ta kasa riƙe fitsari ko bayan gida ta rasa tsarkin salla, ko ta ga ana sayar da gona ko bisashe saboda ita. Ki tambaye ta wanne ne. Mafi yawansu suna da amsa. Aikin na fata ne, ba mahaifa ake cirewa ba. Sau da yawa allurar baya ta isa, tana farke za a yi. Idan tabon bai shiga cikin dubura ba, ba a taɓa naman da ke riƙe bayan gida. In ya shiga, wannan magana ce da likitan fiɗa zai yi da ita ƙeƙe-da-ƙeƙe kafin ta sa hannu. Ku sa Baba cikin shawarar, ku nemi wanda take jin nauyinsa, yayanta ko malaminta. Amma jikinta ne, kuma in ta tsaya a kan ƙi bayan ta fahimta, kada ku yi fushi ku watsar da asibiti gaba ɗaya. A koma ga mai ko gashi, a ci gaba da dubawa.

Kafin ranar aiki da bayanta

Ruwa mai tsabta kawai za ta riƙa tsarki da shi, ba mai zafi ba, ba sabulu mai ƙamshi, ba Dettol, ba soso. Ta tsane wurin da tsumma mai laushi ba tare da gogawa ba, ta sa zane ko wando na auduga mai sakewa. A yanke mata farce saboda susar dare. Vaseline zalla ba ya cutarwa. A auna sugarta da hawan jininta da yawan jininta tun yanzu, don suga mai hawa shi ne babban abin da ke hana ɗinki kamawa a wannan wuri. Bayan aiki a kiyaye ta daga taurin bayan gida da ruwa da yawa da miyar kuka ko kuɓewa da ganye. Za a riƙa ganinta duk wata uku zuwa shida a shekarun farko, daga baya sau ɗaya a shekara, kuma ba a sallamar mai wannan ciwo gaba ɗaya. Ba dole sai Yamai ake wannan duban ba, ana iya yin sa nan Maradi a asibitin Référence ko babban asibitin jiha, in dai mai duban ya san tarihinta. Saboda haka ki yi fotokofi na takardar sakamakon, ki ɗauki hotonta a waya, ki haɗa duk takardunta a jaka guda.

Ban ga Inna ba, ban taɓa wurin ba, ban ga takardar da idona ba, don haka ba zan iya ce miki ga matakin da take ba, ko ga faɗin abin da za a yanke. Wannan na likitar da ke riƙe da ita ne. Idan kun koma, ki tambaye ta abu huɗu ki rubuta amsar: ciwon yana saman fata ne ko ya nutsa, kuma milimita nawa? Ta taɓa kaluluwar matsematsi, me ta ji? Yaushe za a duba hanji, kuma kafin aiki ne? Naman da za a cire ranar aiki, za a aika shi a auna gefunansa? Wannan ta ƙarshen ki nace a kanta ko da za ta ci ƙarin kuɗi, don ita ce za ta nuna ko an cire shi duka ko akwai sauran da za a bi da mai ko gashi. In sakamakon ya fito kina iya sake rubuto mini abin da ke ciki, mu duba tare.